"Sanyin" da ya shekara 6 bai warke ba: nazarin ciwon marar wata mata a Kaduna

Da baƙar leda ta shigo ɗakin da nake duba mata, yayarta na biye da ita. Bayan mun gaisa ta zazzage ledar a kan tebur: kwalayen Flagyl da Ampiclox da babu komai a ciki, takardun gwaji da suka fara yagewa a wurin ninki, hotunan sikanin guda 4, da wata gorar ruwa mai ɗauke da jiƙo baƙi ƙirin da ta saya wajen mai tallan magani a mota. Ta ce, "Likita, sanyi ne ya ƙi barina." Shekarunta 29, a Rigasa take zaune, tana koyar da yara a wata Islamiyya da yamma, don haka Malama zan kira ta a wannan rubutu. Ta amince in ba da labarinta, na kuma sauya abin da zai sa a gane ta.

Ɗanta ɗaya, mai shekara 7. Tun daga kansa ba ta sake ko ɓatan wata ba, alhali ba ta taɓa yin tsarin iyali ba. Ciwon mara kuwa ta ce ya kai shekara 6 yana cin ta. A tsawon lokacin an ce mata sanyi ne, an ce taifod, an ce olsa, wani ɗakin gwaji ya rubuta mata "staf", wata maƙwabciya ta ce a bandakin haya ta ɗauko. Duk wanda ya faɗi nasa sai ya haɗa ta da magani.

Abin da na fara yi shi ne abin da ya wajaba ga duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara: gwajin ciki na fitsari. Ko ta rantse ba ta da ciki sai an yi, domin cikin da ya zauna a bututun da ke kai ƙwai mahaifa maimakon cikin mahaifar yakan zo da ciwon mara da ɗan ɗigon jini da mace za ta ɗauka al'ada ce, kuma idan bututun ya fashe jini zai iya ƙarar da ita cikin sa'o'i. Nata bai nuna ciki ba. Babu zazzaɓi, fitsarinta kuma babu alamar ƙwayar cuta. Da na danna mararta ta yamutsa fuska, da na duba ta ciki na taɓa bakin mahaifa sai ta riƙe mini hannu.

A ranar mata sun haura 40 a kan benci suna jirana. Na ga mara mai zafi, na ga rashin haihuwa bayan ɗa ɗaya, sai na yanke cewa cutar kumburin mahaifa da bututu ce, wadda ƙwayoyin cuta irin su gonoriya da kilamidiya ke haurawa daga bakin mahaifa su haddasa. Na rubuta cikakken maganinta: allurar seftiriyazon sau ɗaya, sannan doksisaikilin da metronidazol safe da yamma na kwana 14. Na ce maigidanta ma ya zo a ba shi nasa, su kuma dakata da saduwa har su gama. Ƙa'idar aiki ta yarda da hakan, domin wannan cuta in aka yi mata jinkiri tana toshe bututu, kuma duk magungunan da Malama ta sha a baya guntu-guntu ne, kwana 3 yau, kwana 5 wata mai zuwa, babu wanda ya kai adadi. Amma akwai tambayar da ban yi mata ba a ranar, kuma ita ce ta fi kowace muhimmanci. Ban tambaye ta yaushe ciwon ke tashi ba.

Bayan mako 5 ta dawo. Ta shanye maganin tas, mijin ma ya sha. Al'adarta ta zo, ciwon kuma ya dawo kamar ba a taɓa yi masa komai ba, har sai da aka kai ta kyamis cikin dare aka yi mata allura. A nan na ture takardun gefe, na roƙi yayar ta ɗan ba mu wuri, na ce, "Malama, ba ni labarin ciwon nan tun daga farkonsa, kada ki tsallake komai."

Ashe bai shekara 6 ba, ya fi haka nesa. Tun tana aji 2 a sakandare take kwanciya duk wata. Takan yi amai, takan rasa makaranta kwana 2 ko 3, mahaifiyarta ta dafa mata kanwa da citta, ta ɗora mata tsumma mai ɗumi a mara, ta ce ta yi haƙuri in ta yi aure zai daina. Da ta yi aure bai daina ba, aka ce sai ta haihu. Lokacin goyon ciki da shayarwa kuwa ta samu sauƙi sosai, kusan shekara 2 da rabi ba ta san ciwo ba. Da ta yaye yaron al'ada ta dawo, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Yanzu yakan fara kwana 2 kafin jini, ya sauka har gadon baya da cinyar hagu. A kwanakin al'ada bayan gida ma azaba ne, ta ce kamar ana soka mata wuƙa ta ƙasa. Sai ta yi shiru tana murza bakin hijabinta. Na tambaye ta kai tsaye ko tana jin zafi wajen kwanciyar aure. Ta ce eh, can ciki, kuma shekara 4 ke nan ba ta faɗa wa kowa ba. Mijin yana ganin gudunsa take yi, ita kuma kunya ta hana ta yi masa bayani.

Wannan tambayar ba a samun amsarta in yaya ko uwar miji na tsaye a ɗakin. Na sha gani.

Na ce ta samo kalanda ta riƙa yi mini alama: da'ira a ranar jini, gicciye a ranar ciwo, in ciwon ya hana ta fita koyarwa ta yi gicciye 2. Bayan wata 2 ta kawo mini shafuka biyu da ta yago daga kalandar bango irin wadda shagunan atamfa ke rabawa, ta cika su da jan biro. Ko wanda bai yi karatun likita ba zai ga abin da ke wurin. Alamun ciwon sun taru cunkus kewaye da da'irorin, kwana 8 a wata na farko, 9 a na biyu, sauran kwanakin kusan fayau in ban da ɗaiɗaiku a tsakiyar wata. Ƙwayar cuta ba ta bin lissafin al'ada haka.

Na sake duba ta, a natse wannan karon. Mahaifar ta kwanta baya kuma ba ta motsi, kamar an ɗaure ta. A bayan bakin mahaifa yatsana ya ci karo da wasu 'yan ƙulluttai masu tauri, da na taɓa su ta ce, "Nan ne, Likita, wannan ne ciwon." A hagu akwai kumburi mai girman lemon zaƙi ƙarami. Babu ruwa mai wari, bakin mahaifa lafiyayye.

Sai na koma kan takardun ledar nan, domin su ne suka riƙe ta shekara da shekaru a hanyar da ba ta ɓullewa. Gwajin taifod na Widal da aka yi mata sau 3 gwaji ne da yake yawan nuna cuta ga wanda ba shi da ita, balle a inda mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar. Mace ba zazzaɓi ba komai, bai kamata a ɗora ta a kan maganin taifod saboda shi ba. "Staf" da aka gano a audugar da aka shafo daga gabanta ƙwaya ce da ke zaune a fatar mutane da yawa masu lafiya, ganinta a irin wannan gwaji bai isa ya bayyana ciwon mara na shekaru ba. Hotunan sikanin 4 ɗin duk ta saman ciki aka ɗauka. Biyu sun ce komai lafiya, ɗaya ya ce akwai ruwa a bayan mahaifa saboda haka sanyi ne, alhali ɗan ruwa kaɗan a wurin abu ne da ake gani ga mace lafiyayya, musamman bayan fitar ƙwai. Na huɗun ya ga ƙullutu a gidan ƙwai na hagu, aka ce mata zai baje da kansa, ba wanda ya ce ta dawo a sake dubawa. Olsar ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, ita ma maganin ciwon da take haɗiya da safe ba ta karya ba ne ya jawo ta.

Akwai sauran abubuwan da na bi na cire. Ƙarin mahaifa, wato faibiroid, ya yi yawa a matanmu, amma ya fi zuwa da zubar jini mai yawa da nauyin mara. Na tambayi tari, rama da zufan dare, saboda tarin fuka yakan kama bututun mahaifa ya hana haihuwa ba tare da hayaniya ba. Na tambaya ko ta taso tana wanka ko wanki a rafi, domin tsargiya ba mafitsara kaɗai take kamawa ba, tana taɓa al'aurar mace da bakin mahaifa, kuma ana yawan ɗaukarta a matsayin sanyi. Malama a cikin gari ta girma, ba ta taɓa fitsarin jini ba.

Na tura ta sikanin da ake yi ta gaba, wajen wanda na san hannunsa. Sai da na zaunar da ita na yi mata bayanin yadda ake yi, na kuma tabbatar mata mace za ta tsaya a ɗakin, kafin ta yarda. Sakamakon ya nuna jaka mai faɗin santimita 6 a gidan ƙwai na hagu, cike da ruwa mai kauri da ke fitowa toka-toka a hoto, irin kamannin tsohon jini. Mahaifa kuma ba ta zamewa a kan hanjin da ke bayanta, alamar sun manne.

Sunan cutar endometiriyosis. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zubewa duk wata ta zama jinin al'ada, yake tsirowa a inda ba muhallinsa ba: a gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji ko mafitsara. Sinadarin istirojin da ke juya al'ada shi ke ciyar da shi, don haka duk wata sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da hanyar fita. Wurin ya yi ta ƙuna, ya warke da tabo, tabon ya liƙe gaɓoɓi da juna. In a gidan ƙwai ne, jinin kan taru ya tsufa ya koma kamar narkakken cakulan. Shi ya sa ciki da shayarwa suka ba Malama hutu, al'ada ce ta tsaya, cutar ta yi likimo. Tun 1927 wani likitan Amurka, John Sampson, ya kawo bayanin cewa jinin al'ada ne ke komawa baya ta bututu ya zuba cikin ciki. Bayanin bai gamsar gaba ɗaya ba, tunda hakan na faruwa ga yawancin mata kuma ba duka ke kamuwa ba. Gado da yanayin garkuwar jiki suna da nasu hannun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na damun kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan mata masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190.

Abin da ke ci mini rai shi ne an daɗe ana koyar da cewa wannan cuta ta matan Turawa ce, baƙar mace in ta zo da ciwon mara to ƙwayar cuta ce. Wannan tunani bai gama fita daga asibitocinmu ba, ya kuma haɗu da kalmar "sanyi" da ta zama buhun da ake zuba komai: ƙaiƙayi, farin ruwa, fitsari mai zafi, ciwon baya, rashin haihuwa. Da zarar an ce sanyi, an rufe bincike. Kuma kalmar tana da dafi a gidan aure, don mace na jin ta sai ta fara zargin mijinta, shi ma ya fara zargin tsaftarta. Malama ta yi shekaru tana tsarki da ruwan bagaruwa da ruwan zafi da gishiri, tana cusa abubuwan da aka ce suna wanke mara, abin da ba ya ƙara komai sai kashe ƙwayoyin da ke kare gaban mace.

Na nemi maigidan ya zo. Mutum ne mai sayar da kayan gini, mai ƙarancin magana. Na zana musu mahaifa a bayan kati, na nuna inda jakar take. Na ce masa, "Alhaji, ciwon nan ba ɗaukarsa ake yi ba. Ba kai ka sa mata ba, ba ita ta jawo wa kanta ba. Zafin da take ji in kun kwanta ma daga nan yake." Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya juya ya ce mata, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?" Ba ta amsa ba, hawaye kawai take sharewa.

Daga nan muka shiga wuri mai wuya. Maganin da ya fi kwantar da wannan ciwo shi ne wanda ke tsayar da al'ada ko ya rage ta: ƙwayar tsarin iyali a sha ba hutu, ko ƙwayoyin purojestin, ko allurar wata 3, ko robar mahaifa mai sakin sinadari. Dukkansu suna aiki, amma muddin mace na kansu ba za ta ɗauki ciki ba, kuma ba sa ƙara mata damar haihuwa bayan ta daina. Malama kuwa haihuwa take nema ido rufe, dangin miji sun fara maganar ƙarin aure a gabanta. Tiyata kuma tana da nata farashin: in aka ɓare jakar daga gidan ƙwai, ciwo kan ragu kuma ba ta saurin dawowa kamar in an tsotse ruwan kawai, amma duk ƙwarewar likita sai an yi asarar wani ɓangare na ƙwayayen da ke wurin. Na faɗa musu duka biyun ba tare da na sassauta ba. Na kuma faɗa musu babu maganin da ke raba mace da cutar har abada, cire mahaifa ma ba tabbas ba ne, kuma ba zancensa ake ba ga mai shekara 29.

Kafin a taɓa ta da wuƙa na ce a gwada maniyyin Alhaji. Ya ɗan yi turus, ya ce ai yana da ɗa. Na ce shekara 7 ba kwana 7 ba ne, kuma bai dace a yanka mace saboda haihuwa ba a san lafiyar mijin ba. Ya je ya yi, sakamakon ya fito lafiya.

Suka zaɓi tiyata. Na rubuta mata takardar turawa zuwa ga ƙwararrun likitocin mata. Mai irin wannan matsala a Kaduna manyan asibitoci ne madogararta, irin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, sai wasu masu zaman kansu. Ba ta cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, haɗa kuɗin ya ɗauke su wata 4, har da sayar da 'yan kunnenta na aure. A wannan tsakanin na ɗora ta a kan noretisteron, ɗaya daga cikin ƙwayoyin purojestin ɗin nan, kullum ba fashi, da ibuprofen in ciwo ya taso, bayan ta ci abinci, tare da maganin kare tumbi. Na hana ta pentazosin, allurar kashe ciwo mai ƙarfi da ake yi mata a kyamis, don na ga matan da suka fara ta saboda ciwon mara suka kasa rabuwa da ita. Na kuma ja kunnen su biyun: in ciwo ya turnuƙe ta farat ɗaya da amai, ko jiri, ko suma, kada a tsaya kyamis ko jiran gari ya waye, jakar na iya fashewa ko gidan ƙwai ya murɗe.

A wata na biyu ta kira ni hankali a tashe. Ciwo ya yi sauƙi ƙwarai, amma tana ganin ɗigon jini jefi-jefi, ba ta san ko ta yi salla ko ta bari ba. Tambaya ce da ya kamata in hango tun farko. Na bayyana mata cewa maganin ne ke sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri ta riƙa ɗiga, ba al'adarta ce ta rikice ba, na ce ta kai wannan bayani ga malamin da ta amince da shi ya ba ta hukunci. Ta samu amsar da ta natsu da ita, ta ci gaba da shan maganin. Da ba ta kira ba, da wataƙila ta watsar da shi a ranar.

An yi aikin ta hanyar huda ciki a saka kyamara. Rahoton da ta dawo mini da shi ya ce an samu jakar cike da tsohon jini an ɓare ta, gidan ƙwai na hagu ya manne da bayan mahaifa da hanji an raba abin da ya rabu lafiya, an kuma cire ɗigo-ɗigon cutar da aka gani. Da aka tura shuɗin ruwa ta bakin mahaifa, ya fito ta bututun dama, na hagu a toshe yake. Gwajin naman da aka cire ya tabbatar da endometiriyosis.

Shawarar da aka tsayar ita ce ta bar maganin hana al'ada, su nemi ciki da kansu na wata 6 zuwa shekara, tunda a watannin farko bayan aiki ne damar ta fi yawa. Na koya mata lissafin kwanakin ƙwai a kan kalandar nan tata. Maganin ciwo kuma ta fara shi kwana ɗaya kafin ranar da take sa ran jini, kada ta jira sai ya kama ta. Na nanata mata cewa ranar da ta ga ɓatan wata ta yi gwaji, in ya nuna ciki ta zo a yi sikanin da wuri a ga inda ya zauna, saboda mai tabo a bututu ta fi kowa haɗarin ciki a wajen mahaifa.

Wata 8 ke nan da aikin. Ciki bai samu ba tukuna. A zuwansu na ƙarshe Alhaji da kansa ya tambaye ni yadda ake dashen ciki na kwalba, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a saka a mahaifa, da abin da yake ci, na faɗa masa gaskiya cewa kuɗi ne masu nauyi kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba, na ba su sunan gwajin da za a fara yi don a san yawan ƙwan da ya rage mata. Malama ta ce a bar ta ta cika shekarar tukuna. Ta miƙo mini shafin kalandar watan jiya: gicciye 3 ne a ciki, babu mai biyu ko ɗaya, kuma ba ta rasa aji ba. Na rubuta mata ranar dawowa bayan ƙaramar salla, na ce ta taho da ƙanwarta mai shekara 16 da ta ce tana kwanciya duk wata, ita ma da nata shafin.